Faifan Devo na 1978: wa ya ɗauki me daga cikinsa, kuma ta ina ake samo wannan sautin?

Ɗan_Situdiyo:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu bin tsofaffin faya-fayen Amurka ce. Duk inda aka tayar da maganar kiɗan da ake kira new wave sai an ambaci faifan farko na ƙungiyar kiɗa ta Devo, wato Q: Are We Not Men? A: We Are Devo! Na saurare shi daga farko har ƙarshe, abu biyu suka ɗaure mini kai. Ana ce musu 'yan sintesaiza, wato kibod mai ƙirƙirar sauti da lantarki, ni kuwa jita na fi ji. Sannan kiɗan kamar mai tuntuɓe, sai ka ɗaga ƙafa ka rasa inda za ka sauke ta. To wa ya ɗauki me daga faifan nan, a aikace, ba yabon baka ba? Kuma wanda abin da ya mallaka manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ce da jita ɗaya da ɗan ƙaramin kibod, ta ina zai fara in yana son irin wannan sautin?

Malam_Faifai:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kunnenka bai yaudare ka ba. Faifan jita ne da ganga, sintesaiza yaji ce kawai da aka barbaɗa. Masu ce musu 'yan na'ura faifansu na uku suke tunawa, Freedom of Choice na 1980, inda "Whip It" take da jajayen hulunan nan masu hawa-hawa. A 1978 babu jar hula. Rigunan ma'aikata ne ruwan ɗorawa, irin na masu aikin sinadarai, daga kundin tallan kayan masu shara da goge-goge suka samo su.

Su biyar ne a faifan, kuma 'yan gida biyu ne da bare ɗaya: Mark Mothersbaugh a waƙa da kibod, ƙanensa Bob a jita, Gerald Casale a jitar bes da waƙa, ƙanensa shi ma Bob a jita ta biyu, sai Alan Myers a ganguna. Saboda Bob biyu ne ake ce musu Bob 1 da Bob 2. Mutanen yankin Akron ne a jihar Ohio, garin tayar mota, inda Goodyear da Firestone suka kafu, kuma a shekarun 1970 masana'antun nan sun fara ja da baya. Gerald da Mark sun haɗu ne a Jami'ar Kent State. Ranar 4 ga Mayu 1970 dakarun tsaron jihar suka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zangar ƙin yaƙin Vietnam, suka kashe huɗu. Gerald yana wajen, kuma ya san biyu daga cikin mamatan. Daga nan aƙidar ƙungiyar ta yi tsami: ɗan'adam ba gaba yake yi ba, baya yake komawa. Sunan Devo ma gutsuren kalmar da ke nufin komawa bayan ne. In ba ka riƙe wannan ba za ka ɗauka 'yan barkwanci ne kawai masu rawar mutum-mutumi, alhali rawar ita ce zagin.

Tambayar da ke cikin sunan faifan daga fim ɗin Island of Lost Souls na 1932 ta fito, wanda aka gina kan littafin H.G. Wells, inda dabbobin da aka mayar mutane suke nanata dokar ubangidansu. Sunan waƙar "Jocko Homo" kuma daga wata 'yar ƙasidar wa'azi ce ta 1924.

Kafin faifan sun shafe shekaru suna naɗar kaset a ɗakunan ƙasa da na'ura mai layi huɗu, kuma a 1977 sun fitar da ƙananan faya-faye da kuɗinsu ƙarƙashin Booji Boy Records. David Bowie da Iggy Pop suka ji, Bowie ya gabatar da su a kulob ɗin Max's Kansas City da ke New York, har ya ce shi zai yi musu furodusa. Aikin fim ya riƙe shi, sai makaɗi kuma furodusa Brian Eno ya karɓa, shi ya ɗauki nauyin tafiyarsu Jamus ta Yamma tun ba su sa hannu da kamfani ba. Aka yi mafi yawan aikin a situdiyon Conny Plank kusa da Kolon a farkon 1978, mutumin da ya yi aiki da Kraftwerk da Neu! tun farkon fitowarsu. Waƙa 11 ne, minti 34 da ɗoriya, ya fito a watan Agusta 1978, Warner Bros. a Amurka, Virgin a Birtaniya. A jerin cinikin faya-faye na Billboard a Amurka a lamba 78 ya tsaya, a Birtaniya ya kai 12. Wato a kasuwar gida bai yi wani tashe ba. Abin da ya kai su cikin gidajen Amurkawa shi ne fitowarsu a shirin Saturday Night Live a watan Oktoba na shekarar.

Batun Eno kuwa, an fi ba shi girman da bai ci ba a nan. Sun zo da waƙoƙinsu a dafe, shekara uku ko huɗu suna buga su. Eno ya ƙara layukan sintesaiza da muryoyin amshi da dama, su kuma in an zo haɗa sauti sai su sauke makunnin layin nasa ƙasa. Mark da kansa ya sha faɗin haka. Shi ya sa faifan ya fito a bushe, babu laushin da aka san Eno da shi.

Mai_Tsarkiya:

Malam ya share fage, bari in taɓa tuntuɓen da Ɗan_Situdiyo yake ji, don a nan ainihin darasin yake. Tuntuɓen iri uku ne, kuma kowanne da lissafinsa.

Ɗauki "Jocko Homo". Mafi yawanta a ma'aunin 7/8 take. A FL Studio gaɓa ɗaya ta kiɗan yau da kullum gida 16 ce. Ta 7/8 gida 14 ce, an yanke biyu a wutsiya. Waɗannan biyun da aka yanke su ne ƙafarka take nema ta rasa. Ka shiga saitin aikin ka mayar da ma'aunin 7 bisa 8, sannan ka raba gidajen kashi uku: 4, 4, 6. Ka sa kik, wato babbar gangar ƙafa, a gida na 1 da na 9, siniya, wato ganga mai tsarkiya, a na 5 da na 13, hai-hat kuma, wato faranti biyun ƙarfe masu kifuwa, a 1, 3, 5, 7, 9, 11, 13. Da baki ka ƙirga "ɗai-biyu, ɗai-biyu, ɗai-biyu-uku". Ban ce haka Myers ya buga ta gida-gida ba, amma wannan zai sa jikinka ya gane bakwai ɗin kafin ka fara yi mata ado.

Inda ake faɗuwa: mutum ya gyara ganguna zuwa gida 14, ya manta layin bes ko wani madaukin kiɗa da ya jawo yana nan a 16. Gaɓar farko lafiya lau, ta biyu sun fara rabuwa da gida biyu, ta uku da huɗu, ba za su sake haɗuwa a kan gida na ɗaya ba sai bayan gida 112, wato gaɓa 8 ta bakwai, daidai da gaɓa 7 ta huɗu. Sai ka ga mutum yana zargin kwamfuta. Haka ma jinkirin amo da aka ɗaure da gudun kiɗa: in ka bar shi a kan bugu cikakke zai riƙa faɗowa a wurin da ba nasa ba. Mayar da shi rabin bugu, ko ka kashe shi gaba ɗaya, don faifan ma ba ya dogara da shi.

Dabarar da ta sa waƙar ta kama jama'a ita ce a wajen amshi kiɗan yana komawa 4/4. Mai waƙa ya jefa tambaya, 'yan amshi su mayar. Bayan an wahalar da kunne da bakwai, huɗun nan tana zuwa kamar an sauke maka kaya. In ka bar waƙarka a bakwai daga farko har ƙarshe, masu lissafi kaɗai za su ji daɗinta.

Na biyu "Gut Feeling". Ita 4/4 ce tsaf, amma zagayen kod ɗinta, wato sautukan da ake bugawa a haɗe, biyar ne, E, G, C, A, D, kowanne gaɓa ɗaya. Kunne ya saba da zagaye na huɗu ko takwas, sai ya ji an dawo gida a makare. Gida 80 ke nan a zagaye maimakon 64. Kuskuren da ake yi shi ne a bar jujjuyawar ganga tana zuwa duk bayan gaɓa huɗu kamar yadda aka saba, sai ta faɗo a tsakiyar zagaye, ba za ta dace da shi ba sai a gaɓa ta 20. Ka gina tsarin gangarka a gaɓa biyar tun farko. Kuma waƙar tana daɗewa ana kiɗa zalla kafin murya ta shigo, gudun yana ƙaruwa sannu a hankali. In za ka kwaikwayi wannan, ka zana layin ƙarin gudu mai gangara ɗaya, kada ka yi shi hawa-hawa, kuma ka yi shi kafin ka naɗi jita da murya. In ka yi bayan naɗi, manhajar za ta ja sautin ta miƙe shi, jitar ta koma kamar ana buga ta cikin randa.

Na uku "Satisfaction", ta Rolling Stones ta 1965 da suka sake ginawa. Ita ma huɗu ce. Abin da suka yi shi ne suka cire sanannen layin jitar Keith Richards daga gindin waƙar, suka bar ganga da bes da jita kowanne yana maimaita ɗan guntun abinsa, wani yana shiga ramin da wani ya bari, kamar haƙoran giyar inji. Hanyar gwadawa: ka rubuta layin bes, duk gidan da siniya ta buga ka goge bes a wurin. Ka rubuta na jita, duk gidan da bes ya buga ka goge jita. Abin da ya rage zai yi maka kamar bai cika ba in ka ji kowanne shi kaɗai. Haka ake so.

Gargaɗi ɗaya: Alan Myers mutum ne, ba inji ba, duk da ana ce masa agogon ƙungiyar. In ka daidaita kowane bugu ɗari bisa ɗari kuma ƙarfinsu ɗaya, ka kashe abin. Ka bar lokacin a tsaye, amma ƙarfin hai-hat ya riƙa bambanta, misali 100 a kan bugu, 75 zuwa 85 a tsakani.

Yaya_Jita:

Sannu da ƙoƙari Mai_Tsarkiya. Ga ɓangaren jita da kibod, ƙanena.

Jita: ka manta da duk abin da aka koya maka na sa waya ta yi kuka. Babu lanƙwasa waya, babu girgiza yatsa a kan sauti, babu dogon solo. Hannun dama yana sara ƙasa kawai, gefen tafin hannu yana ɗan danne wayoyi kusa da gada don sautin ya mutu da wuri. Ka zaɓi makamin sauti na kusa da gada, shi ya fi kaifi. Gurɓata sauti kaɗan ake so, in makunnin ya kai 10 ka tsaya a 3 ko 4. Da ka wuce haka ramukan da Mai_Tsarkiya ya ce a bari za su cike da ƙugi, ka koma kiɗan punk na gama-gari. Ka yanke duk abin da ke ƙasa da 100 zuwa 120 Hz a jita don ta bar wa bes wuri. Tunda jitarka ɗaya ce, ka naɗi layi biyu mabambanta, ɗaya hagu ɗaya dama. Kada ka kwafi layi ɗaya ka raba shi biyu, tsakiya zai dawo.

Amsa-kuwwa ita ce babbar abokiyar gaba. Mafi yawan manhajoji suna zuwa da ita a kunne a cikin sautukan da aka riga aka shirya. Kashe ta. In ganga ta gaske za ka naɗa, ɗora ɗan tsumma ko walat a kan fatar siniya, ka cusa matashi cikin kik.

Kibod: babban makamin Mark shi ne sintesaizar Minimoog. Makulli 44, osileta uku masu haifar da sauti, filta ɗaya, kuma sauti ɗaya tak yake fitarwa a lokaci guda. In ka danna makulli biyu na ƙasan yake ɗauka. Wannan ƙarancin shi ya tsara yadda aka yi amfani da shi, ba a shimfiɗa kod da shi kamar katifa a bayan waƙa. Yana shigowa ne ya yi ƙara ya fita, kamar jiniya, kamar roka, kamar injin da bel ɗinsa ya kwance. A sintesaizar 3xOsc da ke cikin FL Studio za ka iya kusantarsa:

Ka kunna yanayin sauti ɗaya da zamewa, tsawon zamewar tsakanin milisakan 60 da 150. Osileta ta farko igiyar zarto, ta biyu mai kusurwa huɗu, ka karkatar da ita da santi 7 zuwa 12 (santi 100 ne tsakanin makulli da na kusa da shi) daga ta farkon don su riƙa gogar juna. Ta ukun ka mayar da ita hayaniya, ƙasa-ƙasa. Filta ka buɗe ta kusan rabi, ka ɗaga ƙararta har ta fara shirin fito amma ba ta yi ba. Sai ka sa girgizar da ke motsa tsayin sauti, kusan sau 6 zuwa 8 a sakan, ka ɗaura ƙarfinta a kan wilin kibod ɗinka don hannu ya riƙa sarrafa ta. A Minimoog na asali osileta ta uku ake cirewa daga makullai a mayar da ita mai wannan girgizar.

Matsala biyu. Ƙarar filta in ta yi yawa tana cinye ƙasan sautin, kuma tana soka kunne tsakanin 2 da 4 kHz, daidai inda murya take zaune, don haka kada su yi magana tare. Na biyu, wanda ya samu na'urar gaske ko irin kwafinta ta Behringer, ya bar ta a kunne minti 15 zuwa 20 kafin ya daidaita ta. In ka daidaita ta da sanyi, kafin ka gama naɗin farko ta goce.

Bakin_Ganga:

Ku yi haƙuri manya, amma rabin tambayar ba a amsa ba, kuma ina ganin ana ɗora wa faifan nan kayan da ba nasa ba. Da an ce tasirin Devo sai a kawo Nirvana. Gaskiya ne sun buga "Turnaround" a shirin rediyo na John Peel a 1990, ta fito a faifansu Incesticide a 1992, amma waƙar ta 1980 ce. "Girl U Want" da Soundgarden suka yi ta 1980 ce. "Beautiful World" da Rage Against the Machine suka yi a 2000 ta 1981 ce. Kwaikwayon da mawaƙin barkwanci Weird Al Yankovic ya yi musu a 1985 ma Devo na jajayen huluna da na'urori ya fi kama.

Wanda za a iya dangantawa da faifan farko kai tsaye: Sepultura na Barazil sun sake buga "Mongoloid" a faifansu Revolusongs. Kalmar sunan waƙar, a lura, yau zagi ce ga masu lalurar Down, kada wani ya ɗauke ta ya yi amfani da ita. Darakta Scorsese ya sa "Satisfaction" tasu a fim ɗin Casino a 1995. Wes Anderson ya sa "Gut Feeling" a fim ɗin The Life Aquatic a 2004. Shirin Ridiculousness na tashar MTV, da aka fara a 2011, da wani sabon bugu na "Uncontrollable Urge" ya riƙa buɗewa. Amma wannan duk amfani ne da waƙa, ba gado ba ne.

Malam_Faifai:

Bakin_Ganga, gyaranka ya karɓu, sai dai ma'aunin da ka ɗauka gajere ne. Ba a auna gadon makaɗi da yawan waɗanda suka maimaita waƙarsa, a hannun masu bugawa ake ganinsa. Saurari Polysics na Japan da suka fara a 1997: rigunan ma'aikata iri ɗaya, jita mai sara, sintesaiza mai ihu, kuma ba su taɓa ɓoye inda suka samo ba. Saurari zuriyar da ta taso a tsakiyar Amurka a shekarun 2010 da ake kira egg punk. The Coneheads na Indiana a cikin dogon sunan faifansu na 2015 suka rubuta ƙarara cewa Devo suka sata. Snõõper na Nashville a kan layin suke. Waɗannan ba "Whip It" suke bi ba, faifan 1978 suke bi da kasetocin ɗakin ƙasa na 1974 zuwa 1977 da aka tattara a Hardcore Devo a 1990: gajerun waƙoƙi, gudu, busasshiyar ganga, murya mai tsinkewa kamar mai shaƙuwa.

Sai abin da ba a ji da kunne. Tun 1976 suka yi ɗan gajeren fim da Chuck Statler, The Truth About De-Evolution, ya ci kyauta a bikin fina-finai na Ann Arbor a 1977. Wato sun yi bidiyon waƙa kafin su yi faifai, shekara biyar kafin a buɗe MTV a 1981. Da tashar ta buɗe tana neman abin nunawa, su suna da shi a ajiye. Tsarin a zo da kiɗa da sutura da fim da aƙida a ƙunshi ɗaya, kowa ya ɓoye fuskarsa a bayan ƙungiya, nan ma sun riga mutane da yawa.

Da yake an ambaci Eno: a shekarar 1978 ɗin ya fara aiki da Talking Heads, kuma shi da su sun sha faɗin yadda kiɗan Fela Kuti ya shiga Remain in Light na 1980. Dabarar kowane kayan kiɗa ya riƙe ɗan guntunsa ya bar wa ɗan'uwansa rami tana can tana nan. Bambancin shi ne a wajen Fela ramukan suna sa ƙugu ya juya, Devo kuwa da gangan suka taurara su don kafaɗa ta ƙage.

Ɗan_Situdiyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na gwada gida 14 ɗin, ya zauna. Saura murya. Da na ɗora ta sai komai ya koma kamar wasan yara. Me nake ɓatawa?

Yaya_Jita:

Abu uku ka duba. In akwai mai gyaran murya a kunne, cire shi, yana goge tsinkewar da ake nema. Sannan kada ka ja ƙarshen kalma, ka yanke ta daidai inda siniya ta faɗi, kowace gaɓar kalma ta zauna a gidanta kamar bugun ganga. Matso da makirfo kusan tafin hannu ɗaya daga baki, matse sautin da kwamfuresa 4 bisa 1, ba amsa-kuwwa. 'Yan amshi mutum biyu ko uku su faɗa tare a sauti ɗaya, ba jituwar muryoyi, kamar masu amsa umarnin fareti.

Na ukun shi ne wanda ya fi kama mutane: kana dariya a cikin muryarka. Su ba sa yi. Ka kalli fitowarsu ta Saturday Night Live, fuska a ɗaure, ko ƙifta ido da ƙyar. Gerald ya ba da labarin cewa sai da suka kunna wa Mick Jagger "Satisfaction" a New York don neman amincewarsa kafin ta fita a faifan, ya yi shiru na ɗan lokaci yana saurare, sannan ya miƙe ya hau rawa. Ka sake naɗin a tsaye, hannu a gefe, ka karanta baitin kamar mai sanar da tashin jirgi, ka turo mu ji.